Ƙaton babur ɗina ya fara cin kuɗin cefane

Assalamu alaikum Kawu. Ni ɗan shekara 29 ne, ina zaune a Aboabo nan Kumasi, ina da ɗan shagon kayan waya a Adum. Shekara huɗu ina hawan Haojue 125, bai taɓa sa ni tunanin mai ba. Bayan Babbar Sallah na sayar da shi, na haɗa da kuɗin susu, wato adashi, da na kwasa, na sayi ƙaton babur mai silinda huɗu, cc 1000, wanda aka shigo da shi daga Amurka. Mai sayarwa ya nuna mini a waya cewa yana yin 40 a galan, na ce ai tsohon nawa ma 40 yake yi. Da na shiga cikin abokai masu hawa zuwa tafkin Bosomtwe ran Lahadi, sai suka ce babur ɗina ba ya magana. Na kai shi Magazine, unguwar makanikai da ke Suame, fita, wato makanike, ya cire salansar kamfani ya sa buɗaɗɗiya, ya canza matatar iska, ya zare wata waya da ke jikin salansar, ya kuma maƙala wani ɗan akwati a ƙarƙashin kujera. Yanzu yana tashi kamar aljani, amma in na cika tanki mai lita 17, maleji bai wuce 90 ba wutar mai ta kama. Kawu, na fara taɓa kuɗin cefane. Matata tana da juna biyu, na ce mata kasuwa ce ta tsaya. Wani abokina ya ce in kawo kuɗi a sake saita shi da kwamfuta, wai zai ƙara gudu kuma ya daina shan mai. In kai, ko in sayar? Wallahi ina son babur ɗin nan.

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya sauki iyalinka lafiya. Ɗauko biro da takarda, domin kafin mu kai ga zancen gida sai mun bi ta kan lissafi.

Arba'in ɗin nan da aka nuna maka a waya ita ta fara kayar da kai. Mai sayarwa bai yi maka ƙarya ba, shiru dai ya yi a inda shirun zai amfane shi. Amurkawa da mil suke auna tafiya, mil ɗaya kuwa kilomita 1.6 ne. Galan ɗinsu ma daban yake da namu: nasu lita 3.8 ne, wanda muke nufi a nan in mun ce galan kuwa lita 4.5 ne, gadon Turawan Ingila. To mil 40 a galan ɗin Amurka, in ka juya shi, kilomita 17 ke nan a lita guda. Shi kuwa tsohon babur ɗinka, arba'in ɗinsa kilomita 40 ne a lita guda. Ka ga tun ranar da ka ƙirga kuɗi ka miƙa, ba a taɓa ko noti ɗaya ba, ka sayi abin da zai sha fiye da ninki biyu na wanda ka saba. Wanda ya sayi rariya ai ya san za ta zubar da ruwa, kai dai ba a gaya maka rariya ba ce.

Casa'in ɗin da ke hana ka barci kuma, je ka duba fuskar malejin da kyau. In ka ga an rubuta mph, to mil yake ƙirga maka, kamar yawancin baburan da aka yi domin kasuwar Amurka. Mil 90 kilomita 145 ne. Sannan wutar mai ba ta jira tanki ya bushe, tana kamawa ne da sauran kamar lita 3 ko 4 a ciki. Wato abin da ka ƙona lita 13 ne ko kusa da haka, ba 17 ba. Raba 145 gida 13, za ka sami kilomita 11 a lita. Na san kai a ranka 90 kake rabawa gida 17 kana samun 5, kana cewa an yi maka asiri. Ba a yi ba. Sha ɗaya dai ta yi ƙasa da abin da ya kamata, amma ba a kai ga salati ba tukuna.

Ga abin da aka saba gani a babur mai girman naka, in lafiyarsa ƙalau kuma yana yadda kamfani ya fito da shi: a buɗaɗɗiyar hanya, da hannu mai sanyi, kilomita 15 zuwa 20 a lita. A cikin gari sai ya sauko wajen 12 zuwa 14. In ana zane shi kamar jakin haya, yana iya faɗowa ƙasa da 10. Matsakaitan babura masu silinda biyu, cc 500 zuwa 750, sukan ba da ashirin da wani abu. Ƙananan nan da suka cika Zango, irin su Haojue da Boxer da Apsonic, daga 35 zuwa 50. Dalilin ba ɓoyayye ba ne. Naka ya kai kilo 200 ko fiye, yana da fistin huɗu da kowanne ke jiran rabonsa, ƙarfinsa ya haura na doki 100, tsohon naka kuwa bai fi na doki 10 ko 11 ba. Ko ba ka mori ƙarfin ba sai ka ciyar da dawakan.

Kuma dubi aikin da kake ba shi. Daga Aboabo zuwa Adum 'yan kilomitoci ne. Inji mai sanyi da safe ƙarin mai yake sha har sai ya ɗumama, kai kuma kafin ya gama ɗumama ka isa. Abin da ya rage na tafiyar kuwa a cunkoson Kejetia da Roman Hill kake yin sa, pragya mai taya uku a gabanka, bas ɗin trotro a gefenka, mai turin baro yana neman ƙafarka, kana giya ɗaya kana giya biyu, fankar lagireto tana kuka tana busa maka zafi a cinya. Duk mintin da ka yi a tsaye inji yana aiki, mai ne ya tafi ba tare da taya ta juya ba. An ƙera babur ɗin nan ne domin ya miƙe a kan kwalta mai faɗi, kai kuma ka mai da shi ɗan aike a tsakiyar kasuwa.

Yanzu ga abin da fita ya yi maka, don ka san abin da ka biya. Injin fetur da iska yake ƙona mai. In ana son man ya ƙone tas, gwargwadon da ake bukata shi ne nauyin iska 14.7 ga nauyin mai 1. Kamfani yakan saita babur kusa da wannan awon a tafiya ta yau da kullum, saboda dokokin hayaƙi na ƙasashen da ake sayar da shi, wannan kuma shi ne ke kawo sauƙin mai. Amma inda inji ya fi ba da ƙarfi wajen 12.5 zuwa 13 ne, wato an ƙara mai a kan iskar. Duk mai saita inji don gudu can yake nufa. Daga 14.7 zuwa 13 ƙarin kusan kashi 13 cikin ɗari ne na mai a kan iska ɗaya. Wannan shi ne aikin ɗan akwatin da ke ƙarƙashin kujerarka: yana shiga tsakanin ƙwaƙwalwar injin da injekta, yana sa ta daɗe a buɗe tana fesa mai.

Wayar da aka zare kuwa ta fi damuna. Sansar da ke jikin salansa ita ce hancin inji. Tana shinshina hayaƙin da ya fito, ta gaya wa ƙwaƙwalwa ko man ya yi yawa ko ya yi kaɗan, ita kuma ta gyara nan take. Da aka cire ta, injin ya koma zuba mai da ƙiyasi kamar mai miyar da mura ta toshe wa hanci, sai abin da akwatin ya ce. In wanda ya saita akwatin da kunne ya saita shi, ba da na'urar auna hayaƙi ba, to hannunsa zai fi karkata ga ƙarin mai, domin ya san da yawan mai inji ba ya saurin ƙonewa, kuma ba kuɗinsa ake zubawa a tanki ba. Ba zagin mutanen Magazine nake yi ba, akwai hannaye a Suame da za su ƙera maka abin da kamfani ya daina yi. Amma fita abin da ka nema yake ba ka. Kai ka je ka ce babur ba ya magana, ya sa ya yi magana.

Akwai kuma wani ɓarawon mai da ba a jikin inji yake ba. Buɗaɗɗiyar salansa daɗin kunne ce, kuma wanda kunnensa ke jin daɗi hannunsa ba ya zama wuri ɗaya. Faɗa mini gaskiya, sau nawa kake murza totur a tsaye a bakin danja, ba don komai ba sai don samarin da ke zaune a benci su juyo? Na yi, na sani. Ƙarfin da irin wannan salansar ke ƙarawa ma can sama yake, inda allura ta kusa jan layi, wurin da ba za ka taɓa kaiwa ba tsakanin gida da shago. Ƙarar kaɗai kake mora, tsofaffin lungunku kuma suna biyan nasu kason da barcin bayan Asuba.

Maganar abokinka tana da ɗan gaskiya a ciki, shi ya sa take da haɗari. Gwani na gaske, mai na'urar da ake ɗora babur a kai tayar baya tana juyawa ana auna ƙarfi da hayaƙi a kowane mataki, yana iya tsabtace saitin da aka yi da garaje, ya rage man da ke zuba a banza a tafiyar matsakaicin gudu. Zai iya dawo maka da wani abu daga cikin abin da ka rasa. Abin da ba zai iya ba shi ne ya ƙara maka gudu ya kuma mai da shi mai shan mai kamar ƙaramin babur. Taura biyu ba ta taunuwa. Ƙarfi daga man da aka ƙona yake fitowa, ba daga kwamfuta ba. In mutumin nan abin da yake da shi kwamfuta ce kawai da saitin da ya sauke daga intanet, wanda aka yi wa wani babur a wata ƙasa mai sanyi da wata salansa daban, riƙe kuɗinka.

Kada kuma wani ya ce zai shaƙe masa mai. Wannan na ɗanɗana da kaina. Lokacin ina da ƙarfi a jika ina da wani tsohon babur mai silinda huɗu, cc 750, mai kafireto huɗu, iska ce ke sanyaya shi. Mai ya yi tsada, na sami wani fita na ce ya rage masa ci. Ya sa ƙananan jet, wato 'yan ƙofofin da mai ke bi a kafireto, ya sauke alluran kafireton, na yi mako biyu ina yi wa mutane alfahari. Ran nan na kama hanyar Techiman da rana tsaka. Na wuce Offinso, na fara jin wani ƙas-ƙas a cikin inji kamar ana soya gyaɗa, na ce ba komai. Kafin Akomadan ƙarfi ya zube gaba ɗaya, hayaƙi ya turnuƙe bayana. A motar tumatir aka dawo da mu Kumasi, ni da shi, ina zaune a kan akwati. Da aka buɗe, saman fistin ɗaya ya huje, ɗan yatsana ya shige ta ciki, bakin fulogin kuma fari fat kamar alli. Man da na rage a mako biyun bai kai kuɗin motar tumatir ba, balle na fistin. Inji mai ƙarancin mai zafi yake ɗauka, domin man da kansa yana taimakawa wajen sanyaya shi. Garin gyaran gira na rasa ido. Naka da ruwa yake sanyaya, ya fi nawa juriya, amma bawul da fistin ba su canza hali ba.

To ga abin da za ka yi. Fara da awo, ka daina dogaro da wutar mai. Cika tanki fal a gidan mai ɗaya, babur a tsaye daidai, ka mayar da ƙaramin maleji sifili. Yi harkarka. In ka dawo ka sake cikawa zuwa daidai inda ka cika, rubuta litar da ta shiga da nisan da ka yi. Yi haka sau uku. Da lita za ka riƙa lissafi, ba da sidi ba, don tun 2015 da gwamnati ta sake wa kamfanoni farashin mai, sau biyu a wata yake motsawa, sidi zai rikita ka. Sannan a zare fulogi huɗun a jera maka su a kan tsumma. Ruwan ƙasa-ƙasa mai haske shi ne lafiya. Baƙi mai toka busasshiya, mai ya yi yawa. Fari, ya yi kaɗan. A naka ina kyautata zaton baƙi za ka gani, kuma in ka shafa bakin salansar yatsanka zai fito kamar ka taɓa gindin tukunya.

Daga nan a mayar da komai yadda yake: salansar kamfani, sansa, matatar iska ta asali, a cire akwatin. A tare za a yi su, kada a cire akwatin a bar buɗaɗɗiyar salansa da buɗaɗɗiyar matata, don nan ne za ka faɗa ramin da na faɗa. Matatar nan ma ka sa mata ido, hunturu na zuwa. Ta kamfani in ta cika da ƙura sai ta toshe, ka canza. Buɗaɗɗiya kuwa ta fi barin ƙura ta wuce, ƙura a cikin silinda kuma tamkar yashi ce a ido.

Sauran ƙananan abubuwa ne amma suna taruwa. Iskar taya: manyan babura da yawa 36 gaba 42 baya suke so a awon masu faci, amma bi abin da ke rubuce a jikin naka, kuma a auna taya tana da sanyi. Sarƙa busasshiya ko wadda aka ɗaure tamau tana cin ƙarfi. Ɗaga taya ka juya da hannu ka ji ko birki yana riƙewa. Tambayi fita ko ya taɓa ƙaramin faifan haƙora na gaba da sarƙa ke hawa, don masu son tashin aljani sukan rage haƙori ɗaya. Daga 16 zuwa 15 inji zai ƙara juyi da kusan kashi 7 cikin ɗari a kowane gudu, kuma a wasu babura har maleji sai ya riƙa ƙirga maka nisan da ba ka yi ba. Sayi irin man da littafin babur ya ce. Zuba mai lamba 95 a injin da 91 ya ishe shi ba ya ƙara nisa. Ƙwayoyin da ake jefawa a tanki da maganaɗisun da ake ɗaurawa a bututun mai, bar wa masu sayar da su.

A babbar hanya kuma iska ce abokiyar gabarka. Turjiyarta ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa take yi: daga kilomita 100 a awa zuwa 140, ta kusa ninka biyu. Kumasi zuwa Accra kusan kilomita 250 ne. Mai tafiya a natse yana samun 18 a lita zai isa da lita 14, tanki ɗaya da saura. Mai tsere yana samun 13 sai ya nemi lita 19, dole ya tsaya a Nkawkaw ko Suhum ya ƙara, in ma Allah ya kai shi, don kai ma ka san manyan motocin da ke kan wannan hanya.

Yanzu mu dawo inda abin yake. Mu ce kana yin kilomita 200 a mako, har da Bosomtwe. A yadda babur yake yau, lita 18 ke nan. In an gyara komai ka kuma sanyaya hannu ka kai 14 a lita, lita 14 da ɗan ɗigo. Tsohon Haojue ɗinka lita 5. Duk wannan dogon bayanin da na yi maka lita 4 zai ceto maka a mako. Tazarar da ke tsakanin ƙato da ƙarami kuwa lita 9 ce ko da bayan gyaran, kuma babu fitar da zai rufe ta. Ban ma sa baƙin mai ba, wanda naka ke shan kusan lita 4 inda ƙarami ke shan 1, ban sa tayar baya ba, wadda ba ta daɗewa kuma kuɗinta ba na wasa ba ne, ban sa kayan gyaran da sai an yi oda an jira ba.

Da a ce shagonka yana ɗaukar nauyin biyu, da na ce sayi ƙarami na zuwa kasuwa, ka rufe ƙaton da tampol sai ran Lahadi. Masu irinsa da yawa haka suke yi, sai dai ba sa faɗa a majalisa. Amma kai da bakinka ka ce ka taɓa kuɗin cefane, ga haihuwa a gaba, ga asibiti, ga ragon suna. Ra'ayina, ɗana, ka mayar da shi yadda kamfani ya yi shi, ka sayar tun yana da daraja, ka koma kan ƙarami. Mai saye da ya san babur ya fi biyan kuɗi a kan wanda ba a yi wa tiyata ba. Na san da ciwo. Shekararka 29, manyan babura ba za su ƙare a duniya ba kafin shagonka ya zama biyu.

Ita kuma matarka, kada ka ɗauka ba ta gani. Macen da ke ƙirga tumatir a kasuwar Aboabo, tana jin ƙarar babur tun daga bakin titi, ta san kasuwar da ta tsaya ba ta hana ka zuwa Bosomtwe ba. Kawaici take yi maka, kuma kawaicin mai ciki ba abin da za ka jingina da shi ba ne. Ci da shanta haƙƙi ne a wuyanka, babur kuwa sha'awa ce. Zauna da ita yau bayan Isha'i, ka nuna mata takardar lissafin nan, ka ce ka yi kuskuren saye kuma ga abin da ka yanke. Za ta yi fushin ƙaryar fiye da na kuɗin, ka haƙura ka saurara. In kana jin nauyi, fara da mayar da abin da ka ɗiba, ko da kaɗan-kaɗan ne, a hannunta.

Gobe da sassafe kuma, kafin ka buɗe shago, wuce Magazine ka tambayi fita ina tsohuwar salansarka da sansarta da matatar suke. Irin waɗannan kayan ba sa daɗewa a bayan gareji. In ka yi jinkiri, a wurin 'yan gwangwan na Akwatia Line za ka je neman su, kuma da kuɗinka za ka fanso.